TSOHON MATUƘI A ƘASAR GERO: TARIHIN WATA WAƘAR TUBA TA INGILA DA HANYAR KOYAR DA ITA



Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan lacca wani darasi ne da na gani da idona. Aikin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa ya kai ni wata makarantar sakandare a arewacin Kano, can kan hanyar Ɗambatta, inda gona ke haɗe da gona. Na zauna a bayan aji, malami kuwa yana karantar da wata doguwar waƙar Ingilishi mai suna The Rime of the Ancient Mariner, wadda zan riƙa kira Waƙar Tsohon Matuƙi. Ya cika allo da bayani: ga shekarar haihuwar mawaƙi, ga jerin jigogi, ga sunayen dabarun salo. Yara suka kwafe tsaf. Da aka tashi na tambayi wani yaro abin da ya sami mutumin da ke cikin waƙar, sai ya maimaita mini abin da ke allo kalma da kalma, amma bai san cewa ƙishirwa ta kusa kashe mutumin ba. Shi kuwa yaron nan kullum sai ya ja guga kafin ya zo makaranta.

Malamin ya ce da ni laifin ba nasa ba ne, yaran ba su taɓa ganin teku ba. Wannan magana ce nake so mu auna yau. Zan bi tarihin waƙar, da tarihin waƙar wa'azi a ƙasarmu, da yadda makarantar boko ta ajiye su a ɗakuna dabam-dabam. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ɗan manomin arewacin Kano yana shigowa aji da kayan aikin feɗe wannan waƙa a hannunsa, mu ne muke sa shi ya ajiye su a bakin ƙofa.

Asalin waƙar

An haifi Samuel Taylor Coleridge a shekarar 1772 a yammacin Ingila, ya rasu a 1834. A watan Nuwamba na 1797, shi da abokinsa William Wordsworth da ƙanwar abokin, Dorothy, suka fita yawon ƙafa zuwa bakin teku. Ba su da kuɗin guzuri, saboda haka suka shirya su tsara waƙa su sayar wa wata mujalla a kan fam biyar. Wordsworth ne ya kawo shawarar cewa laifin da za a gina labarin a kansa ya zama kisan wani babban tsuntsun teku mai suna albataros. Ya samo wannan ne daga littafin tafiye-tafiye na George Shelvocke, wanda aka buga a 1726, inda aka ba da labarin wani jami'in jirgi da ya harbe irin wannan tsuntsu don yana zaton shi ke jawo musu mugunyar iska. Ba da daɗewa ba Wordsworth ya ga hannunsu bai zo ɗaya ba, ya bar wa Coleridge aikin. Ya gama a watan Maris na 1798, aka buga ta a wannan shekara a farkon littafin Lyrical Ballads, ba tare da sunan kowa ba.

Masana adabin Turai suna ɗaukar littafin nan a matsayin ɗaya daga cikin mafarin zamanin da suke kira Romantik a Ingila. Kada kalmar ta ruɗe mu, ba soyayya ake nufi ba. Ana nufin zamanin da mawaƙa suka gaji da ƙa'idojin waƙar manyan gari, suka koma ga harshen talakawa, da abin da zuciya ke ji, da halittun Allah, da al'amuran ban tsoro da ban mamaki. Zubin da Coleridge ya ara, watau balad, zubin waƙar baka ne na mutanen karkara: labari ne ake rerawa cikin gajerun baitoci. Thomas Percy ya tattara irinsu ya buga a 1765. Ke nan masu ilmin Ingila sun koma ga waƙar kakanninsu marasa karatu suka ɗebo wuta.

Ga abu biyu da nake so a riƙe. Na farko, lokacin da Coleridge ya tsara waƙar nan bai taɓa yin doguwar tafiya a teku ba. Ƙanƙarar kudancin duniya da zafin tsakiyar teku duk a littattafai ya gan su, kamar yadda John Livingston Lowes ya bi diddigi ya nuna a littafinsa na 1927. In rashin ganin teku bai hana shi rubutawa ba, me zai sa ya hana ɗan Ɗambatta karantawa? Na biyu, waƙar ba ta sami karɓuwa nan da nan ba. An zarge ta da duhun ma'ana da tsofaffin kalmomi, har a bugu na biyu na 1800 aka rage kalmomin, aka kuma ɗauke ta daga farkon littafin. Sai a 1817 ta fito da sunan mai ita, a littafin Sibylline Leaves, kuma a nan ne ya ƙara mata gajerun bayanai a gefen shafi. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san wannan tsari: ga matani a tsakiya, ga hashiya a gefe.

Abin da waƙar ta ƙunsa

Waƙar kashi bakwai ce, ɗangonta ya haura 600. Mutum uku suna hanyar zuwa biki, sai wani tsoho ya tare ɗaya daga cikinsu, ya kafe shi da ido, ya tilasta masa sauraro. Ya ce jirginsu ya nufi kudu, hadari ya kora su cikin ƙanƙara da hazo. Suna cikin wannan hali sai ga albataros, suka yi murna, suka ba shi abinci, ƙanƙara ta tsage, iska mai kyau ta taso. Haka kawai, ba gaira ba dalili, matuƙin ya ɗana kibiya ya harbe shi.

Da fari abokan tafiyarsa suka zarge shi. Amma da hazo ya washe, rana ta fito, sai suka juya suka ce ai ya kyauta, tsuntsun ne ke kawo hazo. Daga nan jirgi ya isa tsakiyar duniya inda rana ke bisa kai, iska ta ɗauke ɗif. Ga ruwa ko'ina amma na gishiri, harsuna suka bushe. Suka rataya masa gawar tsuntsun a wuya. Wani kwarangwal ɗin jirgi ya matso, ciki da Mutuwa da wata mace da ake kira Rai-cikin-Mutuwa, suna caca a kan rayukansu. Macen ta ci matuƙin, Mutuwa ta kwashe sauran, mutum 200, kowa ya faɗi yana la'antarsa da ido. Kwana bakwai yana tsakanin gawawwaki, ya nemi yin addu'a ya kasa. Wani dare da farin wata ya ga macizan ruwa, waɗanda a da yake ƙyamarsu, kyansu ya kama shi, ya sa musu albarka bai ma sani ba. Nan take bakinsa ya buɗe ga addu'a, gawar ta zame daga wuyansa ta nutse. Barci ya zo, ruwan sama ya sauka. Ruhohi suka shiga gawawwakin suka tuƙa jirgi har gida, a nan ya nutse. Matuƙin ya roƙi wani mai zuhudu da ke zaune a daji ya wanke shi daga zunubi. Tun daga ranar yake yawo ƙasa-ƙasa, in ciwon ya taso masa ba ya samun sauƙi sai ya sami wanda zai ba labarin. Ɗan bikin kuwa bai shiga bikin ba, ya koma gida jiki a sanyaye.

Gadon wa'azi a ƙasarmu

Mu dawo gida. A shekarun da Coleridge ke wannan aiki, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana Ɗagel yana karantarwa, bayan ya shafe shekaru yana yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara. Shi da ƙanensa Abdullahi da almajiransu sun gane cewa littafin Larabci na malamai ne, in ana son saƙo ya isa ga makiyayi da manomi da matan cikin gida, sai an sa shi a waƙa da Fulatanci da Hausa. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817, watau shekarar da Waƙar Tsohon Matuƙi ta fito da bayanan gefenta. Ba na cewa wani ya san da wani. Abin lura dai shi ne, a zamani ɗaya, a ƙasashe biyu masu nisa, masu ilmi sun sauko ga harshen jama'a don su yi magana a kan zunubi da sakamakonsa.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ci gaba da aikin. Ita ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai. Ta kuma tsara nata, kamar su Goɗaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama, jajojinta na 'yan taru suna kai su ƙauyuka. Arewacin Kano kuwa yana cikin wannan tarihi dumu-dumu, don Dambazawa na Ɗambatta da Yolawa na Dawakin Tofa suna cikin gidajen da suka yi jihadi a Kano, wanda ya kai ga faɗuwar Sarki Alwali wajen 1807. Bayansu aka sami irin su Gangar Wa'azu, wadda ake dangantawa da Malam Muhammadu Na Birnin Gwari, sa'an nan a ƙarni na 20 ga Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa.

Ta wace hanya waɗannan waƙoƙi suka isa kunnen talaka? Galibi ta bakin makafi da almajirai, a kasuwa, da tasha, da ƙofar gida. Mutum yana tsakiyar ciniki, ko yana hanyar ɗaurin aure, sai murya ta tare shi da zancen kabari da hisabi, ya tsaya cik, ya ba da sadaka, ya wuce jikinsa ya yi sanyi. Jama'a, in ba wannan ne hoton da Coleridge ya buɗe waƙarsa da shi ba, to mene ne?

Yadda boko ya raba hanya

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, da Hausa kuwa ake karantarwa a matakin farko. Da aka kafa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, sai Ingilishi ya zama tsanin hawa, aka ba da ƙarfi ga iya furta shi da rubuta shi, don abin da gwamnati da En'e ke bukata malamai ne da ma'aikata. Hausa ta sami nata gatan ta wani gefen: gasar 1933 ta Rupert East ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Amma an ɗauki littattafan nan a matsayin abin koyon karatu da hira. Adabin da ake zama a feɗe, a rubuta jarrabawa a kansa, na Ingilishi ne.

Hanyar feɗewar ma daga can ta zo. A Kembirij, I. A. Richards ya riƙa ba ɗalibansa waƙoƙi ba sunan mawaƙi, ya ce su faɗi abin da suka gani a cikin kalmomin kansu, ya buga sakamakon a 1929. Manufarsa a tilasta wa ɗalibi ya yi tunani. Hanyar ta bazu zuwa jami'o'i da hukumomin jarrabawa na ƙasashen da Ingila ke mulka. A nan Afirka ta Yamma an buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, aka kafa hukumar WAEC a 1952. Sai dai kafin hanyar ta iso ƙauyukanmu ta bar ranta a hanya. Bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, yara suka yi yawa, ƙwararrun malamai da littattafai suka yi kaɗan, sai ɗan littafin taƙaitawa ya maye gurbin littafin ainihi. Abin da aka ƙirƙiro don kashe hadda ya koma abin haddacewa.

A ɗaya ɗakin kuwa, nazarin waƙar Hausa yana ta girma. Mervyn Hiskett ya buga tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975. Abdulƙadir Ɗangambo ya kammala digirinsa na uku a Landan a 1980, a kan waƙoƙin wa'azi tun daga wajen 1800 zuwa 1970, ya kuma ba mu Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Da aikinsa da na abokan zamaninsa ɗalibin Hausa ya sami kalmominsa: jigo da warwararsa, zubi da tsari, amsa-amo, kari, kamantawa, alamtarwa, mutuntarwa. To, ga abin takaici. Yaro zai fito daga darasin Hausa ya san alamtarwa sarai, ya shiga darasin Ingilishi a ba shi wannan abu da wani suna, ya haddace shi kamar bai taɓa jinsa ba. Malaman biyu kuwa ɗaki ɗaya suke shan inuwa.

A Nairobi, a 1968, Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu sun nemi a rushe sashen Ingilishi, a sa adabin Afirka a tsakiya. Na yarda da su cewa daga gida ake farawa. Amma wanda ya tsaya da ƙafarsa a gida ba ya tsoron baƙo. Shimfiɗa yake yi masa, ya tambaye shi labarin garinsu.

Ƙasar da ɗaliban suka fito

Yankin da ya kewaye birnin Kano yana cikin wuraren da suka fi cikar manoma a duk Afirka ta Yamma, abin da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka yi wa nazari tun 1965. A Minjibir da Ungogo da Dawakin Tofa da Bichi gona ba ta hutawa. Abin da ya riƙe ta shi ne taki, wanda a da jakuna ke kawowa cikin mangala daga birni, da kuma itatuwan da aka bari a tsakiyar gonaki, su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Manomin nan ya san cewa rayuwarsa a ɗaure take da ta dabba da ta itace, ba sai an karanta masa ba.

Ya kuma san ƙishirwa. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914. A farin 1972 zuwa 1974 ruwan da Kano ta samu a 1973 kusan rabin abin da aka saba ne. Rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka mutu. A 1975 cuta ta cinye gyaɗa, fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Ni ban ga 1973 ba, a bakin iyayena na ji, kamar yadda ɗalibanmu ke ji a bakin kakanninsu. Kuma kowa ya san abin da gari ke yi in sama ta ƙi: a umarci jama'a da tuba da sadaka da mayar da haƙƙin mutane, a fita fili roƙon ruwa. Watau haɗa fari da laifi, da haɗa saukar ruwa da rahama, wanda ɗalibin Landan na yau sai an yi masa dogon bayani, a wurin ɗan Makoɗa abu ne da ya taso ya tarar.

Komawa aji

Mako biyu bayan wancan darasi na koma makarantar, na roƙi malamin mu gwada wata hanya. Muka share allo. Na ba da labarin da Hausa, sa'an nan muka karanta zaɓaɓɓun baitoci da Ingilishi da babbar murya, muka yi tambaya huɗu.

Ta farko: wa ke magana, da wa, a ina? Nan da nan suka kawo makahon kasuwa. Amma wata yarinya ta lura da bambanci: makaho kowa yake yi wa waƙa, tsohon nan kuwa mutum ɗaya ya zaɓa cikin uku, kuma ba sadaka yake nema ba, sauke kaya yake yi. Wannan shi ne nazari.

Ta biyu: don me ya kashe tsuntsun? Suka duba, suka ce waƙar ba ta faɗa ba. Na tambaye su wane tsuntsu ne in ya zo ake murna, kuma manya ke hana yara taɓa shi. Baki ɗaya suka ce shamuwa, mai zuwa gabanin damina ta yi sheƙa a itacen tsakiyar gari. Daga nan ba wanda ya bukaci a gaya masa abin da albataros ke alamtawa: baƙo ne da ya amince da mutane, ya ci abincinsu, aka ci amanarsa.

Ta uku, wadda ta fi wuya: mutum ɗaya ya yi harbi, don me 200 suka mutu? Ai mun san ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Aji ya yi tsit. Can sai yaron nan mai jan guga ya ce ya tuna da taguwar Annabi Salihu: mutum ɗaya ya soke ta, amma da yardar jama'a, azaba kuwa ta haɗa su duka. Muka koma ga matani muka ga wurin da abokan tafiyar suka juya suka yaba kisan, muka ga bayanin gefe na 1817 ya ce da haka suka sa kansu cikin laifin. Yaron bai taɓa jin sunan wani masanin Ingila ba, amma ya sa yatsa a kan gaɓar da waƙar ke juyawa.

Ta huɗu: yaushe gawar ta faɗi daga wuyansa? Ba lokacin da ya wahala ba, ba kuma lokacin da ya yi ƙoƙarin addu'a ba. Sai da tausayin wata halitta abar ƙyama ya shige shi. Suka tuna da hadisin wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da na matar da ta tsare kyanwa har ta mutu, ta shiga wuta.

Sai bayan wannan muka taɓa zubi. Baitin balad ɗan ƙwar huɗu ne, amsa-amonsa a ɗango na biyu da na huɗu. Muka ga yadda mawaƙin kan ƙara ɗango, baiti ya kai biyar ko shida ko fiye, sau da yawa a inda tsoro ko azaba ta tsawaita, da yadda yake maimaita kalma har mai sauraro ya ji tsayuwar jirgin a jikinsa. Sunayen Ingilishi na dabarun nan muka ba su daga ƙarshe, suka kuwa zauna, don sun sami wurin zama.

Inda hanyoyin suka rabu

Kada a fahimce ni da cewa waƙar Coleridge wa'azi ce da aka yi da Ingilishi. Rabin amfanin kwatance yana cikin gano bambanci. A waƙar wa'azi malami ne ke magana da jama'a, azabar da yake siffantawa tana gaba, ko da yake yakan haɗa da kansa wajen neman gafara. A nan kuwa mai laifin ne da bakinsa, azabarsa ta riga ta same shi tun a duniya. A wurin malamanmu tuba tana da sharuɗɗa sanannu: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi in na wani ne. Ba a bukatar wani ɗan Adam ya wanke mutum, kuma ƙofa a buɗe take har ga wanda ya kashe rai ɗari, kamar yadda ya zo a hadisi. Matuƙin Coleridge kuwa ya nemi wankewa a hannun mai zuhudu bisa al'adar Kirista, amma ciwonsa bai warke ba, dawowa yake yi. An gafarta masa ke nan, ko kuwa har yanzu yana hannun matar da ta ci shi a caca? Kuma in caca ce ta raba mai rai da matattu, ina adalcin?

Shi kansa mawaƙin ya san da wannan. Wata marubuciya, Anna Barbauld, ta ce masa waƙar ba ta da darasi. Ya amsa cewa a ganinsa darasin ma ya yi yawa, kamata ya yi ta zama kamar labarin nan na Dare Dubu da Ɗaya, na falken da ya ci dabino ya jefar da ƙwallon, ya sami ɗan aljani bai sani ba, aljani ya ce sai ya kashe shi. Masana ma sun rabu. Robert Penn Warren a 1946 ya karanta ta a matsayin labarin zunubi da komawa ga Ubangiji ta hanyar ƙaunar halitta. William Empson a 1964 ya ga alhakin abin da jiragen Turai suka aikata a ƙasashen mutane. Wannan fassara tana da madogara, don Coleridge ya yi lacca a kan cinikin bayi a 1795 a Biristol, garin da ya yi arziki da wannan ciniki. In mun kawo wannan a aji, gaskiya ta wajabta mu faɗi namu: a Fanisau, nan arewa da birni, akwai gandayen sarki da bayi suka noma, kuma sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta a Arewa. Tambayar alhakin wanda ya gani ya yi shiru don yana amfana ba ta Turawa kaɗai ba ce.

A nan nake juyowa gare ku, ma'aikata. Mutum 200 ɗin nan ba su harbi komai ba. Abin da suka yi kawai, sun auna aiki da abin da ya biyo bayansa: da hazo ya rufe suka ce laifi ne, da rana ta fito suka ce daidai ne. Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar da ya san ba ta kan hanya, don dai albashi na fita kuma iska na kaɗawa, ya san wane jirgi ake nufi.

Kammalawa

Shawarata uku ce, kuma ba wadda ke bukatar sabon gini. Ta farko, malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa tsara darasin waƙa tare, ko sau ɗaya a zango, a ajiye waƙar wa'azi kusa da baƙuwarta. Ta biyu, masu duba makarantu su daina ɗaukar bayani da Hausa a darasin adabi a matsayin gazawar malami. Abin da za a tambaya shi ne ko yaro ya koma ga matanin Ingilishi ya kafa hujja da shi. Ta uku, sassanmu na jami'a su ɗauki fassara da muhimmanci. Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu daga Shakespeare, Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi; ɗalibin da ya gwada zuba baiti goma na Tsohon Matuƙi cikin ƙwar huɗu na Hausa zai san waƙar fiye da wanda ya haddace shafi hamsin na taƙaitawa.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne, amma a ajin nan na kan hanyar Ɗambatta yaro ne ya nuna mini taguwar Annabi Salihu, ni da na ƙetare teku na yi shekaru ina karatu ban taɓa haɗa su ba. Abin da yake bukata kawai a tambaye shi, a kuma jira amsarsa.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cika da kyau.